Jinin da Ya Narke a Hanyar Yamai

Bahaushe ya daɗe da sanin kwanciyar jini. Yaro ya faɗo daga bisa jaki, cinya ta kumbura ta yi baƙi, tsohuwa ta dafa ruwa ta gasa masa da tsumma, ta ce jini ne ya kwanta, zai narke. Kuma narkewar yake yi. Bayan kwana goma sai a nemi wurin a rasa. Ba mai kiran wannan abin al'ajabi, don cinya tsoka ce, tana da inda za ta kumbura ta kuma sace.

Kai ne ba shi da wannan sarari. Ƙoƙon kan baligi rufaffen akwati ne na ƙashi, cike taf da abu uku: ƙwaƙwalwa, da jinin da ke zagayawa cikin jijiyoyinta, da wani ruwa garai-garai da take kwance a cikinsa. In baƙo na huɗu ya shigo, dole wani ya matsa masa. Ruwan ne ke fara ja da baya, in wuri ya ƙare sai matsi ya koma kan ƙwaƙwalwa, ita kuwa ba ta jure matsi. Wasu likitoci biyu 'yan ƙasar Sikotilan, Monro a 1783 da Kellie a 1824, su suka fara tsara wannan bayani, har yau da sunansu ake koyar da shi.

Duk da haka akan samu jinin da ya taru cikin wannan akwati ya ɓace da kansa, ba wuƙa ba almakashi, wani lokaci cikin sa'o'i kaɗan. Ba ji na yi ba. A kan ƙanena abin ya faru, kuma ni na zauna a gefensa tun daga Maraɗi har Yamai. Tun daga lokacin na zama mutumin da ake nunawa da baki a wurin suna ko ɗaurin aure, ana cewa ga yayan wanda jininsa ya narke. Labarin ya riga ni shiga gidaje da yawa, kuma duk inda na tarar da shi sai in ga an gutsure masa kai da ƙafa.

Auta muke ce masa a gida. Shekararsa 24 a lokacin, sana'arsa kabu-kabu, abin da 'yan uwanmu na Najeriya ke kira acaɓa. Wata Alhamis bayan la'asar ya kauce wa wani yaro ya faɗa wa amalanken shanu, kansa ya daki ƙarfen gefe. Hular kwano tana rataye a ɗaki, kamar ta yawancin abokan sana'arsa. Waɗanda suka ɗauke shi sun ce ya yi kamar minti biyar bai san inda yake ba. Da na isa asibiti na tarar ya farfaɗo, amma farfaɗowar ba ta da daɗin gani. Yana amai, yana kirana da sunan yayanmu da ya rasu shekara shida da suka wuce, idanunsa na rufewa da kansu. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya riƙa yi masa abu uku yana maimaitawa: ya kira shi ya ga ko zai buɗe ido, ya tambaye shi wane gari muke, ya ce ya matse masa yatsa. Ashe ba hira yake ba, awo yake. Ma'auni ne da aka tsara a birnin Gilasgo a 1974, lafiyayye yana cin 15, wanda ya yi nisa ƙwarai yana cin 3. Auta ya ci 13.

Sai da na buga waya wuri huɗu kafin kuɗin hoto su haɗu, aka tura shi cikin sikana. Likitan ya ɗaga hoton ya kara shi da fitila. A gefen hagu, manne da ƙashi daga ciki, ga wani farin abu mai siffar jinjirin wata. A hoton sikana sabon jini fari yake fitowa, kuma ban taɓa ganin farin jinin da ba a so ba sai ran nan.

"Malam, ka ga wannan layin? Kamata ya yi ya raba kai biyu daidai, kamar tsagar kitso. Jinin ya ture shi."

Kaurin jinin milimita 12, layin ya goce da milimita 6. Ya ce ƙa'idar da likitocin ƙwaƙwalwa ke bi ita ce, in kauri ya wuce 10 ko gocewa ta wuce 5, buɗewa ake yi a kwashe, ko da marar lafiya yana magana. Mai yin wannan aiki kuwa ba ya gari a wannan mako. Sai Yamai, sama da kilomita 600.

Ya zana mini a bayan takardar magani yadda abin yake. Tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa akwai tantani hawa uku. Na waje mai kauri ne kamar jemammiyar fata, manne da ƙashi. Na tsakiya siriri ne kamar saƙar gizo, a ƙarƙashinsa ruwan nan ke gudana. Na ciki ya lulluɓe ƙwaƙwalwa ya bi duk lungunanta. Akwai ƙananan jijiyoyi da ke ƙetarawa daga ƙwaƙwalwa zuwa tantanin waje kamar igiyoyin shanya. In kai ya bugu ƙwaƙwalwa ta girgiza a ciki, sai ɗaya ta tsinke, jini ya kwanta tsakanin na waje da na tsakiya. Abin da ya sami Auta ke nan. Da na bi littattafai daga baya na tarar da wani abin sha'awa: sunan da Turawa ke kiran tantanin waje da shi ma'anarsa uwa mai tauri, kuma fassara shi suka yi daga littattafan likitanci na Larabci na da, inda ake kiran tantanin uwar ƙwaƙwalwa. Kalma ta taso daga Larabci, ta ratsa Latin, ta zo ta same ni a Maraɗi cikin Faransanci.

Kafin a haɗa kuɗin mota da mai, ragunan Inna biyu sun koma hannun maƙwabci, dare ya raba. Muka kama hanya, ni da Auta da wata ma'aikaciyar jinya da aka haɗa mu da ita. Baiwar Allah nan ba ta runtsa ba. Duk rabin sa'a sai ta buɗe masa ido ta haska da fitilar salula tana duban ɗigon baƙin idon. Ta ce mini in na gefen da jinin yake ya buɗe ya fi ɗan uwansa girma, ya ƙi tsukewa da haske, to matsi ya kai inda ba a so. Ta ce in sa ido kan hannunsa da ƙafarsa na dama, don ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin dama na jiki. Ta hana a ba shi ko kurɓin ruwa saboda aikin da ke jiransa. Muka wuce Gidan Rumji, muka wuce Madawa da Ƙonni, yana nishi yana sambatu.

Wajen Dogon Dutsi, gari ya fara haske, sai na ji murya sarai kamar ta kullum.

"Yaya, ina babur ɗina?"

Na yi hamdala da ƙarfi har direba ya waiwayo. Ita kuwa fuskarta ba ta sake ba. Ta ce, "Malam, a yi hamdala, amma kar a saki jiki. Na sha ganin wanda ya tashi ya yi hira, ya koma bai sake tashi ba."

Da hantsi ya yi nisa muka shiga Yamai. An aske masa rabin kai, na sa hannu a takarda. Likitan da zai yi aikin, wani mai furfura a gemu marar yawan magana, ya tsaya ya yi wa Auta tambayoyi, ya ji yana amsawa daidai. Ya dubi agogo ya ce hoton da muka zo da shi ya kwana, sa'a 17 ke nan, shi ba ya buɗe kan mutum da tsohon labari. A sake. Wasu kuɗin suka ƙara fita.

Da sabon ya fito, ya jera su biyu ya daɗe yana kallo. Ya sa aka duba sunan da ke jikin kowanne da shekarar haihuwa, har ya nuna wa ɗalibansa wata 'yar karkata da ke ƙashin hancin Auta a hotunan biyu, don a tabbata kai ɗaya ne. Jinjirin watan ya koma kamar zare, bai fi milimita 3 ba. Tsagar kitso ta dawo tsakiya.

"Lokotoro, ina jinin ya tafi?"

"Bai bar jikinsa ba, Malam. Ɗaki ya sake."

Ga yadda ya warware mini, kuma abin da na karanta daga baya bai saɓa masa ba. Ruwan nan da ƙwaƙwalwa ke kwance cikinsa gudana yake kamar rafi. Wanda ke nan a kowane lokaci wajen mililita 150 ne, bai kai rabin kwalbar lemo ba, amma jiki na samar da kusan mililita 500 a kowace rana, cikin ledar piya wata guda, yana tsotse tsohon yana zuba sabo. Wato yana sabuntawa kamar sau uku kafin gari ya sake wayewa. In bugun da ya tsinka jijiya ya yaga tantanin tsakiya ma, sai ruwan ya sami ƙofa ya shiga inda jinin yake, ya sirka shi kafin ya gama daskarewa, ya kwashe shi kamar yadda ruwan sama ke kwashe jar ƙasa daga bakin zaure. Jinin sai ya baje. Wani ya yi siririyar shimfiɗa can ta ƙeya, wani ya gangara ta ƙofar da ke gindin ƙoƙon kai ya bi laka zuwa gadon baya. Abin da ya taru wuri ɗaya yana danne ƙwaƙwalwa, in ya watsu ko'ina sai nauyinsa ya tafi. Ya koma kan hoton farko ya nuna mini wani siririn layi mai duhu tsakanin farin da ƙashi, ya ce wannan ruwan ne, tun a Maraɗi ya fara shiga. Ya ce akan ga wannan alama a irin waɗannan marasa lafiya, amma ba alamar da mutum zai jingina ran wani da ita ba ce.

Akwai wasu hanyoyin. Ana cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to a nan tsagar wurin fita take bayarwa. In ƙashin kai ya tsage daidai kan jinin, matsin ciki kan tura shi ta tsagar ya fito ƙarƙashin fatar kai, ya zama kumburin da ake taɓawa da hannu. Wani lokaci kuma ƙwaƙwalwar ce ke kumbura ta matse jinin ta kore shi, wannan kuwa ba abin guɗa ba ne. Jini ya ɓace a hoto, marar lafiya ya ƙara nisa, don abin da ya kori jinin ya fi jinin sharri.

Tun cikin shekarun 1980 likitoci ke rubuta irin wannan a mujallunsu, kuma yadda suke rubutawa kaɗai ya isa ya nuna maka ƙarancinsa: mutum ɗaya, rahoto ɗaya. Ba a cika mujalla don zazzaɓi ya sauka. Da yawa daga cikin rahotannin tsarinsu irin namu ne, an ga jini, an tura babban asibiti ko an shirya ɗakin aiki, aka sake hoto aka tarar ya tafi. Kafin a ƙera sikana, wadda aka fara gwadawa kan marar lafiya a Landan a 1971, ba wanda ke da hanyar ganin haka da ido. Allah kaɗai ya san mutum nawa jininsu ya taru ya narke a zamanin kakanninmu, aka ce sun yi dogon suma sun tashi.

Ba a sallame mu ba. Kwana tara muka yi, ana tashinsa cikin dare ana tambayarsa sunansa har ya fara faɗa, aka kuma yi hoto na uku. A rana ta huɗu ya fara kukan ciwon baya, tun daga ƙugu har bayan cinya, shi da bai bugu a baya ba. Likitan ya gwada ƙarfin ƙafafunsa, ya tambayi yadda fitsari ke fita, sannan ya dube ni ya ce, "Baƙon naka ya isa masauki." Ciwon ya tafi cikin mako biyu. Ranar sallama farasitamol kaɗai ya rubuta, ya ja kunnena a kan asfirin da dangoginta na ciwon jiki da ake talla a faranti, don suna hana jini tsayawa.

Akwai abin da masu ba da labarin ba su faɗa. Auta ya yi wata huɗu yana ciwon kai in ya shiga rana. Ya koma mai saurin fushi na wani lokaci, har Inna ta ce an sauya mata yaro. Kuma har yau ba ya jin ƙamshi ko wari. Jijiyoyin shaƙa sirara ne, suna ratsa wasu ƙananan huji a ƙashin da ke saman hanci, girgiza ɗaya na iya tsinka su. In ana soya albasa a gida sai dai ya gani da ido. Jinin ya tafi, bugun bai tafi duka ba.

Da muka dawo Maraɗi na tarar labarin ya riga ya haihu. Na Inna shi ne mai sauƙi. Ta raba sadakar masa da safiyar Juma'a, malamin unguwa ya kwana yana addu'a, kuma ta ƙirga ta ga hoton na biyu ya fito gab da hawa masallaci. Ban taɓa jayayya da ita a kan wannan ba, kuma ba don ladabi kaɗai ba. Wanda ya halicci ruwan da ke wanke ƙwaƙwalwa sau uku a rana, Shi ya sa tantanin ya yage daidai inda ruwan zai shiga. Sanin sababi bai rage mini godiya ba, ƙara ta ya yi.

Na kawunmu ne ke ɓata mini rai. Shi a wurinsa ba jinin tun farko, likitan Maraɗi ne ya so cin kuɗi, ko na'urarsa ce ta yi ƙarya. Na sha gaya masa, "Kawu, mutumin nan bai ci ko dala ba a tafiyarmu, turawa ya yi." Da abin da ke gabansa a daren nan, milimita 12 da yaro mai amai, duk likitan da ya san aikinsa abin da zai yi ke nan. Da ya ce mu jira, jinin ya ƙaru maimakon ya ragu, da Kawu ne zai fara cewa sakaci ya kashe mana yaro.

Na uku kuwa ba shi da uba, a bakin masu shayi da tashar kabu-kabu ya girma: wai jinin kai narkewa yake, likitoci ne ke da gaggawar yanka. Duk lokacin da na ji shi sai maganar matar nan ta Dogon Dutsi ta faɗo mini, ta wanda ya tashi ya yi hira ya koma. Wani irin jini take nufi, wanda ke taruwa tsakanin ƙashi da tantanin waje. A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashi ba shi da kauri, kuma ƙarƙashinsa akwai jijiya mai bugawa, irin wadda zuciya ke tura wa jini da ƙarfi. In ta tsinke, mutum na iya tashi ya karkaɗe riga ya ce ba komai, ya ci abinci ma, alhali famfo na zuba a cikin akwatin. Bayan sa'a ɗaya ko biyu ko fiye sai ciwon kai, sai amai, sai barci mai nauyi, 'yan uwa su ce a bar shi ya huta. Wannan bai bar mai kuɗi ba. A watan Maris na 2009 wata fitacciyar 'yar fim ta Ingila, Natasha Richardson, ta faɗi tana koyon zamiya kan ƙanƙara a Kanada. Ta tashi tana magana, ta ce ba ta bukatar likita. Daga baya ciwon kai ya taso, bayan kwana biyu ta rasu tana da shekara 45. Abin takaicin shi ne irin wannan jinin, in an kwashe shi da wuri, mutum kan warke sarai, don sau da yawa ƙwaƙwalwar kanta ba ta ji rauni ba. Da asubar nan a Dogon Dutsi, ba mai iya bambanta tashin Auta da irin wannan tashin ta hanyar kallon fuska.

Ba zan zalunci masu shayi ba, akwai gaskiya a gutsuren da suka riƙe. Ba kowane jini ake buɗe wa kai ba. Ƙananan, waɗanda ba su ture komai ba, yawanci barinsu ake yi, jiki ya aiko da ƙwayoyinsa masu shara su cinye shi sannu a hankali cikin makonni, kamar dai na cinya. A hoto sai ka ga farin ya koma toka-toka, ya koma duhu, ya ɓace. Amma wannan jira ne a kan gadon asibiti, da mai haska ido duk 'yan sa'o'i, da sikana a kusa, da mai wuƙa da za a iya tashi cikin dare. Sunansu ɗaya da jiran da ake yi a kan tabarma a tsakar gida, kamar yadda sunan mai iyo da mai nutsewa ɗaya ne muddin suna cikin ruwa.

Shekara biyu bayan haka labarin ya zo ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da daddare. Akwai wani tsohon tela a unguwarmu, abokin marigayi mahaifinmu, ya haura 70. Ya zame a wurin alwala kansa ya taɓa bango, ya tashi ya yi sallarsa, kowa ya manta. Bayan kamar mako shida ya fara jan ƙafar hagu, yana ɗinka hannun riga a wuya, yana kiran matarsa da sunan uwarsa. Wasu suka ce tsufa, wasu suka ce hawan jini ne ya taɓa shi, wasu suka yi ƙasa da murya suka ce an yi masa aike. 'Yarsa ce ta nace aka yi hoto, aka ga jini mai kauri a dama, launinsa ya riga ya yi duhu. Likita ya ce a huda a zuƙe. 'Ya'yansa maza biyu suka zo mini.

"Malam, kai ka ga na Auta da idonka. Don Allah ka zo ka gaya wa ƙanwarmu a bar tsohon nan ya huta. Mutum a wannan shekaru a ce za a huda masa kai?"

Na gane tsoronsu, ba mugunta ba ce, kuma ba kuɗi kaɗai ba ne. Na zaunar da su na ce na Baba da na Auta suna kawai suka haɗa. Ƙwaƙwalwar tsoho kan ɗan tsuke ta bar sarari, kamar busasshiyar gyaɗa da ke kaɗawa cikin ɓawonta, igiyoyin shanyan nan su miƙe su yi tsauri, ɗan bugu kaɗan ya tsinka ɗaya. Jinin kan tsiyaya a hankali, da yake akwai wuri ba ya nuna kansa da wuri. Jiki sai ya naɗe shi da wani sabon tantani, shi kuwa wannan tantani cike yake da ƙananan jijiyoyi marasa ƙwari da ke yoyo, ana tsotsewa suna ƙarawa. Na Auta sabo ne, ruwa ya same shi kafin ya kafu. Na Baba ya yi mako shida, ya gina ɗaki ya sa ƙofa. Ƙananan irinsa kan tafi da kansu, amma wanda ya riga ya kama ƙafa ya nuna inda ya dosa. Na ba su labarin tsohuwar shugabar ƙasar Ajantina, Cristina Kirchner, da ta bugu a kai a watan Agusta na 2013, ba a gano jinin ba sai Oktoba, aka yi mata aiki ta koma ofis. Na tuna musu Maradona, da yake ƙaramin cikinsu mayen ƙwallo ne, shi ma an kwashe masa irin wannan jini a farkon Nuwamba na 2020, kuma ciwon zuciya ne ya zama ajalinsa daga baya cikin watan. Na ce aikin nan yana cikin mafi sauƙi a ayyukan kai.

Suka yi godiya, suka ce za su yi shawara. Washegari suka mayar da shi gida. An ce mini babban ya ce ai ni ɗan boko ne, abin da na gani da idona ma sai na nemo masa bayani.

Kwana 12 bayan nan aka tashe shi sallar asuba bai tashi ba, yana numfashi amma ba ya amsawa. A wannan karon ba wanda ya yi gardama. Aka yi masa huda biyu, kowace ba ta kai faɗin ƙwandala ba. 'Yarsa ta ce likita ya nuna mata abin da ya fito, baƙi ne tsululu kamar tsohon man inji. Washegari da yamma ya buɗe ido ya tambayi goro. Hankalinsa ya dawo, ƙafar ma ta dawo da taimakon sanda, amma hannun hagu bai koma yadda yake ba, ba ya iya riƙe yadi a ƙarƙashin allura. Yanzu yana zama a kan benci a ƙofar shago, jikansa na taka keke, shi yana nuna masa da sanda inda zai yanka.